Tsohon Doctor Who da sabo: a kan me masoya ke jayayya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Yaya. Na fara kallon Doctor Who daga zangon 2005, yanzu na kai ƙarshen zamanin David Tennant, kuma shirin ya shiga raina. Amma duk inda masoyansa suka haɗu sai in tarar ana musu. Wasu na cewa na gaskiyar ya ƙare tun 1989, wannan na yanzu guje-guje ne da koke-koke. Wasu kuma na cewa tsohon ba ya kalluwa, ga jan rai ga dodannin roba. Na gwada wani tsohon labari, barci ya kwashe ni. Wa ke da gaskiya, kuma ya dace in ba tsohon lokacina?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Bari in fara da barcin nan, don rabin amsar na cikinsa. Ina kyautata zaton zama kika yi kika jera kashi huɗu ko shida a dare ɗaya, kamar yadda kika saba yi wa na Tennant. In haka ne, ko ni ne sai na yi gyangyaɗi. Ba a yi tsohon shirin don a shanye shi a kurɓi ɗaya ba. Sana'ata rubutun wasan talabijin ce, na kuma kalli kusan duk abin da ya rage na tsohon da dukkan sabon, kuma abin da na lura shi ne yawancin abin da ɓangarorin nan ke jifan juna da shi, in aka bi saiwarsa, wuri guda yake komawa: minti nawa aka bai wa marubuci ya ba da labarinsa.

BBC ta fara nuna shirin, labarin Dakta, wani baƙo daga wata duniya da ke yawo cikin sarari da zamani tare da abokan tafiya, ranar 23 ga Nuwamba 1963, washegarin ranar da aka harbe Shugaba Kennedy na Amurka. Ya yi zango 26, kashi kusan 700, mutum bakwai suka fito a matsayin Dakta, daga William Hartnell zuwa Sylvester McCoy, kafin a tsayar da shi a Disamba 1989. A 1996 aka gwada tayar da shi da fim guda, da haɗin gwiwar Amurkawa, Paul McGann ya fito, abin bai karɓu a Amurka ba. Sai ranar 26 ga Maris 2005 Russell T Davies ya dawo da shi daga Cardiff, mutum sama da miliyan 10 suka kalli kashin farko. Davies bai wanke allo ya sake sabon rubutu ba. Christopher Eccleston Dakta na tara ne, wato shi ne dai tsohon nan mai furfura da ya gudo daga duniyarsu tare da jikarsa. Dabarar sauya jiki, inda Dakta ke rikiɗa ya koma sabon mutum don wani ɗan wasa ya karɓi rawar, wadda aka ƙirƙiro a 1966 da rashin lafiya ta ci ƙarfin Hartnell, ita ta ba da wannan damar. Rigimar ta 'yan gida ɗaya ce a kan gado ɗaya, shi ya sa take da zafi haka.

A tsohon tsari, labari guda ake rabawa kashi-kashi, kowanne minti 25, mako-mako, galibi ranar Asabar da yamma. Mai kashi huɗu aka fi yi, mai shida ma da yawa, akwai The War Games na 1969 mai goma, akwai The Daleks' Master Plan mai goma sha biyu. A shekarun farko babu bidiyo a gidaje, ba kasafai ake maimaita shiri ba, wanda na makon jiya ya wuce shi ya wuce shi ke nan. Dole marubuci ya riƙa tuna wa mai kallo inda aka kwana, ya sa wani ya sake bayanin abin da aka riga aka sani, sannan ya yanke kowane kashi daidai lokacin da aka ɗora wa Dakta bindiga a ka, don yaro ya yi kwana bakwai yana saƙa yadda zai tsira. Mai bin fina-finanmu masu dogon zango ya san daɗin wannan jiran da haushinsa. To, ki cire kwana bakwan nan ki manne kashin wuri guda, me za ki gani? An kama su, sun gudu, an sake kama su, sun sake gudu ta lungun da suka bi ɗazu. Masu cewa tsohon na da jan rai ba sharri suka yi masa ba. Wasu labaran masu kashi shida, musamman na zamanin Jon Pertwee, Dakta na uku, abin da ke cikinsu bai fi na huɗu ba. An ja su ne don ya fi araha a ci gaba da amfani da ɗakunan da aka riga aka ƙera da tufafin da aka riga aka ɗinka.

Sai dai wannan lokacin ba a banza yake tafiya ba idan ya faɗa hannun gwani. Kashi huɗu minti ɗari ke nan, tsawon cikakken fim, kuma da shi ake gina gari da mutanensa. Ki duba The Robots of Death na 1977. Wata ƙatuwar motar haƙar ma'adinai ce ke ratsa hamadar wata duniya, ma'aikatanta kaɗan ne kuma 'yan hutu, mutum-mutumi ke yi musu komai har tausa. Kafin kisa ya yi nisa kin riga kin san wace ce 'yar tsohon gida da arziki ya gudu ya bari, wane ne kuɗi kawai ya sani, da irin tsoron da suke ɓoyewa na bayin ƙarfen da ba za su iya rayuwa ba tare da su ba. Ko The Caves of Androzani na 1984, wanda Robert Holmes ya rubuta. Ana yaƙi a kan wani sinadari mai tsawaita ƙuruciya, attajirin da ke matsa wa gwamnati ta murƙushe ɗan tawaye shi ne kuma ke aika masa makamai ta bayan fage don farashi ya ci gaba da tashi. Dakta bai je gyara kowa ba. Guba ce ta kama shi tare da Peri, yarinyar da bai daɗe da saninta ba, duk fafutukarsa ta neman magani ce, da abin da ya rage a hannunsa ya zama na mutum ɗaya sai ya ba ta. Wannan irin labarin, mai mugaye kala-kala kowa da dalilinsa, ba ya shiga minti 45. Idan 'yan mazan jiya suka ce sabon ba shi da zurfi, yawanci wannan suke kewa, ko da ba su iya faɗinsa haka ba.

Sabon tsari ya ce a buɗe labari a rufe shi cikin minti 45, sai jefi-jefi a yi mai kashi biyu. Don a samu haka dole a yanke hanya. Farar takardar nan da Dakta ke nunawa kowa ya ga abin da Dakta ke so ya gani, a 2005 aka ƙirƙiro ta, kuma aikinta ɗaya ne: ta share minti ashirin ɗin da a da ake kashewa ana tsare Dakta ana tuhumarsa da leƙen asiri kafin a yarda da shi. Haka sukundireban nan nasa mai ƙara. Tun 1968 yake, amma a 1982 furodusa John Nathan-Turner ya sa aka ƙona shi a cikin wani labari, saboda a ganinsa yana sauƙaƙa wa marubuta fitar da Dakta daga kowane tarko. Yau ya zama sandar tsafi, yana buɗe ƙofa, yana duba mara lafiya, yana kashe na'ura daga nesa. A nan ina tare da masu ƙorafin. Na gaji da labarin da aka shafe minti 38 ana ɗaure shi tamau, sannan a kwance shi cikin minti biyu da danna maɓalli da bayanin da ake zubawa da gudu don kar ki samu sukunin tambaya. Amma idan aka yanka labarin daidai jikin lokacin, sabon na yin abin da tsohon bai taɓa yi ba. Blink da Midnight, waɗanda kin riga kin gani, ba su da kitse ko kaɗan. Midnight mota ɗaya ce, mutane ƙalilan, da wata murya da ke maimaita abin da aka faɗa. Da a 1975 aka yi shi, da an ƙara masa kashi biyu na yawo a lungu, ya lalace.

Inda sabon ya yi wa tsohon fintinkau shi ne abokan tafiya, kuma ban ga abin musu a nan ba. A tsohon, abokiyar tafiya kamar daga sama take faɗowa, ba uwa ba uba, aikinta ta yi tambaya, ta ɓata, ta yi ihu. Akwai waɗanda suka fi ƙarfin haka, irin su Barbara da Sarah Jane da Leela, amma ki ga yadda ake sallamar su. Dodo a tsakiyar wani labari na 1966 ta ɓace, sai saƙo aka kawo cewa ta zauna a Landan. Leela, jarumar da ke yawo da wuƙa, a 1978 kwatsam ta ce za ta zauna da wani dogari da ba mu ga sun yi wata hirar kirki ba. Nyssa, an kashe mahaifinta, Master, tsohon abokin gabar Dakta, ya shige gangar jikinsa yana yawo da fuskarsa, an hallaka duniyarsu gaba ɗaya, amma da ƙyar ake tayar da zancen bayan nan. Adric ya mutu a 1982, aka nuna sunaye babu kiɗa don girmamawa, a labari na gaba bayan 'yar gajeriyar jimami aka wuce harkar gaba.

Yanzu ki tuna kashi na huɗu na 2005. Dakta ya dawo da Rose gida yana cewa awa goma sha biyu ta yi, ashe wata goma sha biyu ne. Mahaifiyarta Jackie ta cika unguwa da hotunan cigiya, 'yan sanda sun yi ta kiran saurayinta Mickey, ana zarginsa da kashe ta, Jackie ta zabga wa Dakta mari. A shekara 26 na tsohon shirin da ƙyar aka samu wanda ya tsaya ya tambayi abin da ke faruwa a gidan da aka ɗauke wa 'ya. Davies ya tambaya, kuma daga nan komai ya canza. Har ya juya ya tuhumi tsohon da kansa: a 2006 ya dawo da Elisabeth Sladen a matsayin Sarah Jane, shekara talatin bayan an sauke ta a bakin titi, ta dubi Dakta ta tambaye shi dalilin da bai dawo ba, ta kuma gaya masa ko garin da ya sauke ta ba nata ba ne, Aberdeen ne. Tsoffin masoya da yawa da ke kiran sabon wasan koke-koke, a wannan kashin su ma sun share hawaye.

Duk da haka akwai gaskiya a ƙorafinsu, a wurare biyu. Na farko soyayya. Tsohon Dakta kaka ne, ko kawu, ko malami mai faɗa. Da McGann ya sumbaci abokiyar tafiyarsa a fim ɗin 1996 sai da masoya suka yi ta tayar da jijiyar wuya. Zamanin Tennant kuwa, Rose na sonsa, Martha na sonsa ba ya kula ta, matan tarihi ma na sonsa. Wani halitta mai shekara 900 da yarinya 'yar 19, ba sai mutum ya zama ɗan gani-kashe-nin tsohon ba kafin ya ɗaga gira. Shi ya sa da yawanmu muka numfasa da zuwan Donna, wadda tun ranar farko ta gaya masa kar ma ya fara. Na biyu, girman da aka ɗora wa Dakta. A da matafiyi ne da ba wanda ya san shi, ya shigo gari ana kallonsa kamar mahaukaci, ya gyara abin da zai iya, ya sulale. Patrick Troughton, Dakta na biyu, ma a gefen hoto yake laɓewa yana wasa da sarewa, sai an raina shi ya yi aikinsa. Davies ya ƙirƙiro Yaƙin Lokaci, ya shafe mutanen Dakta ya bar shi shi kaɗai, wanda dabara ce mai kyau don ta sauke wa sabon mai kallo nauyin tarihin shekaru arba'in. Amma sai ta mayar da shi wani gagarabadau da rundunoni ke gudu in sun ji sunansa. Ƙarshen zangon 2007, inda duk mutanen duniya suka ambaci sunansa lokaci guda ya tashi sama yana walƙiya, nan ne ni ma na ce an wuce gona da iri. Kuma idan kowane ƙarshen zango sai an ce halitta gaba ɗaya za ta ƙare, ta ina za a ƙara? Ran yarinya ɗaya a kogon Androzani ya fi tsaya mini a zuciya.

Zancen dodannin roba ba zan daɗe a kansa ba. Gaskiya ne. A The Ark in Space na 1975, hannun mutumin da ke rikiɗa zuwa ƙwaro ledar naɗe kaya ce mai ƙurajen iska aka shafa wa koren fenti. Kuɗi kaɗan ne, a situdiyo ake ɗauka da kyamarori da yawa lokaci guda kamar wasan dandali, a shekarun farko ma yanka tef tsada gare shi, in Hartnell ya yi tuntuɓen harshe haka ake barin abin. Ki kalle shi a matsayin wasan dandali da aka ɗauka, sai idonki ya koma kan ɗan wasan da ke riƙe da hannun ledar nan yana kuka kamar da gaske. Kuma siddabarun kwamfuta na 2005 ma ai sun fara tsufa, 'yan shekaru kaɗan jikokinmu za su yi musu irin wannan dariyar. Kiɗa kuwa ɗanɗano ne. Delia Derbyshire ta haɗa taken farko a 1963 da yanka tef da hannu tana mannewa, sauti ɗaya bayan ɗaya, har yau yana tayar da tsikar jiki. Murray Gold ya zo da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa, yana da daɗi, illa wani lokaci yakan gaya miki ki yi kuka kafin labarin ya ba ki dalili.

Ga kuma abin da masu musun nan ba sa son ji: babu wani abu guda mai suna tsohon Doctor Who. An fara shi ne da niyyar koyar da yara, shi ya sa abokan tafiyar farko malaman makaranta ne, Ian na kimiyya, Barbara ta tarihi, ana zuwa wurin Marco Polo da daular Aztec babu dodo ko ɗaya. Daga 1970, da aka koma mai kala, sai aka tsare Dakta a duniyarmu yana aiki da sojoji. Tsakiyar shekarun 1970 furodusa Philip Hinchcliffe da Robert Holmes suka mayar da shi na ban tsoro, har Mary Whitehouse mai fafutukar tsabtace talabijin ta sa shi gaba. Bayan su aka koma barkwanci, Douglas Adams na gyara rubutu. Shekarun 1980 kuma wani abu ne dabam, ga dakatarwar wata 18 a 1985, ga haɗa shi lokaci ɗaya da Coronation Street, shahararren wasan wata tashar, wanda ya janye masu kallo. Wanda ya ce miki tsohon ya fi, ki tambaye shi wanne daga ciki. Sau tara cikin goma Tom Baker, Dakta na huɗu, na 1975 zuwa 1977 yake nufi, shekara uku cikin ashirin da shida, ko kuma wanda ya tarar yana ɗan shekara takwas. Sabon ma haka yake, na Steven Moffat da za ki shiga yanzu ba irin na Davies ba ne, ya fi son wasa da lokaci da ɗaure kai, ba zan ɓata miki ba.

Kukan an lalata mana shiri ma ba yau aka fara shi ba. A 1976, da aka nuna The Deadly Assassin, shugaban ƙungiyar masoyan shirin na lokacin ya rubuta sharhi mai zafi cewa an zubar da martabar mutanen Dakta. Yau wannan labarin na cikin waɗanda ake kafa hujja da su cewa tsohon ya fi. A 1986 wani matashi daga ƙungiyar masoya ya fito a wani shirin BBC ya soki zangon shekarar a gaban marubutansa. Sunansa Chris Chibnall. Shekara talatin da 'yan kai bayan nan shi ke jagorantar shirin, zamanin Jodie Whittaker, wasu matasan na yi masa abin da ya yi wa na gabansa, har da ƙari. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi rushe katangar da ake ginawa tsakanin biyun. Waɗanda suka yi sabon, 'yan gani-kashe-nin tsohon ne. A shekarun da ba a nuna shirin, littattafai ne daga 1991 da wasannin saurare na kamfanin Big Finish daga 1999 suka riƙe shi, kuma Davies da Paul Cornell da Mark Gatiss duk sun rubuta littattafan nan. Human Nature na 2007, inda Dakta ya zama malamin makaranta ya manta kansa, littafin Cornell ne na 1995. Kashin Dalek na 2005 daga wani wasan saurare aka ciro shi. Tennant da Peter Capaldi, wanda shi ma ya fito a Dakta daga baya, tun suna yara suke haukan shirin. Ki kalli labarin ƙarshe na 1989, Survival: Dakta ya mayar da abokiyar tafiyarsa Ace unguwarsu a gefen Landan, tana neman ƙawayenta da abokanta, tana fama da tsohon ciwon gidansu. Tsakaninsa da kashin farko na 2005 taku ɗaya ne.

Akwai masu cewa sabon ya cika wa'azi da siyasa, musamman tun daga 2018. Tsohon ma ba baya ba ne. Su Dalek, manyan abokan gabar Dakta, tun asali hoton 'yan Nazi ne. The Green Death na 1973 kan kamfanin da ke zuba guba a tsohon ramin kwal na Wales ne, The Sun Makers na 1977 habaici ne ga masu karɓar haraji, The Happiness Patrol na 1988 kowa ya gane Margaret Thatcher ake yi wa zambo. Bambancin, a nan ma, lokaci ne. Mai minti ɗari yana iya barin darasi ya tsiro da kansa, mai minti 45 yakan ƙare da tsayar da Dakta ya yi jawabi. Inda na ga rauni a zamanin Whittaker a rubutu ne, abokan tafiya uku a akwatin da Dakta ke tafiya a ciki ba a ba kowa abin yi ba, ba don Dakta ta zama mace ba. Sannan mu da muke kallo daga nan akwai abin da ba za mu kau da kai a kansa ba. A The Tomb of the Cybermen na 1967 baƙar fatar da ke ciki ƙaton bawa ne da ƙyar yake magana. A The Talons of Weng-Chiang na 1977, wanda masoya ke yabo sosai, Bature aka yi wa kwalliya ya fito a ɗan Sin. Sabon ya kawo Freema Agyeman mai fitowa a Martha, wadda mahaifinta ɗan Ghana ne, ya bai wa Segun Akinola kiɗa daga 2018, ya ɗauki Ncuti Gatwa haifaffen Ruwanda a matsayin Dakta, a 2025 kuma aka yi kashi guda a shagon aski a Legas, wanda Inua Ellams haifaffen Jos ya rubuta. Mai kewar jiya yana iya tsallake wannan, ni ba na iyawa.

Tunda na ambaci Jos, ga wani dalilin da ya sa nake taka-tsantsan da ra'ayin masoya kan tsohon: wani ɓangarensa ji ne, ba gani ba. Daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1978 BBC ta riƙa goge tef ɗinta tana sake amfani da su, aka rasa kashi masu yawa na Hartnell da Troughton. Sautinsu ya tsira ne kawai don wasu masoya sun riƙa naɗa da rikoda a gida. Hotunan da aka dawo da su, da yawa kwafen fim ne da aka sayar wa tashoshin ƙasashen waje. The Tomb of the Cybermen ya shekara da shekaru ana ba da labarinsa kamar ba a taɓa yin irinsa ba, da aka samo shi a Hong Kong a farkon shekarun 1990, wasu suka ce ashe dai haka ne. The Enemy of the World kuma akasin haka. Kashi na uku kawai ake da shi, wanda ya fi sauran sanyi, masoya suka yanke masa hukuncin labari mara armashi. A Oktoba 2013 aka sanar cewa Philip Morris, wani mai farautar tsofaffin fina-finai, ya tarar da gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, ciki har da kashi tara da aka ɗauka sun salwanta, adadin ɓatattu ya sauko daga 106 zuwa 97. Da aka ga labarin cikakke, Troughton na fitowa a Dakta kuma a mugun da ke kama da shi, sai ra'ayi ya juya cikin mako guda. Gani ya kori ji.

In kina son ki san abin da masoya ke ji idan sun ajiye musu sun ɗauki biro, a 2009 mujallar shirin ta sa masu karatu suka jera labarai 200. The Caves of Androzani ya zo na ɗaya, Blink na biyu, Genesis of the Daleks na 1975 na uku. Na ƙarshe kuwa, na ɗari biyu cif, The Twin Dilemma ne, labarin da aka nuna a mako na gaba bayan Androzani, furodusa ɗaya, shekara ɗaya.

Saboda haka ki ba tsohon lokacinki, amma kar ki fara daga 1963 ki ce za ki bi a jere, ba za ki kai ba. Kashi ɗaya a rana, ki kashe idan kiɗan ƙarshe ya tashi, ko da ranki na son ci gaba. Ki fara da City of Death na 1979, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Paris, shi ya fi kusa da saurin da barkwancin da kika saba. Daga nan The Robots of Death, sai Genesis of the Daleks, inda za ki ga asalin Davros, wanda ya ƙirƙiro su Dalek, da kika sani, da wurin da Tom Baker ya riƙe wayoyi biyu yana tambayar kansa ko yana da hurumin shafe wata al'umma tun kafin ta yi laifi. Sai Androzani, sai Remembrance of the Daleks na 1988. Idan idonki ya saba, ki koma marasa kala ki kalli biyun da suka fito daga Jos. A na biyun, The Web of Fear, za ki tarar kashi na uku zane ne aka ɗora wa tsohon sauti. Shi ne kashin da Kanar Lethbridge-Stewart ya fara bayyana, kuma Morris ya ce ya gan shi tare da sauran a ɗakin ajiyar, ya yi ɓatan dabo kafin a kwaso su. In kina da kawu da ya yi aikin talabijin a Jos, ki tambaye shi.